Jirgin Ƙara da Jirgin Katako

Akwai wani bashi a kaina da na daɗe ban biya ba, mai shi kuwa a lokacin da na ci bashin yaro ne ɗan aji na biyu a kwaleji. Wata safiya ce ta hunturu a Maraɗi, hazo ya rufe gari, ina tsaye gaban allo ina fama da ƴan makaranta fiye da saba'in a kan wata ƙa'ida ta nahawun Faransanci wadda su kansu Faransawa suke tuntuɓe da ita, sai wani abu ya taso daga layin baya, ya ratsa ajin a hankali bisa kawunan yara, ya zo ya daki allo ya faɗo daidai ƙafata. Jirgin sama ne na ƙaran gero. An yi fukafukansa da takardar buhun siminti, an yanko farfelarsa daga gwangwanin madara, aka ɗaura mata roba. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Na ɗauke shi na jefa cikin aljihun tebur, na ce wa mai shi, a gaban kowa, wannan shirme ba zai taɓa sa masa tuwo a baki ba. Da aka tashi na ɗora kayen jarrabawa a kansa ban ko duba ba, ya murƙushe.

Abin da ya fi ba ni kunya idan na tuna shi ne, a cikin makon nan ɗin na karanta wa manyan ɗalibai wani shafi daga Terre des hommes na Saint-Exupéry, littafin da ya fito a 1939, ina yaba musu jarumtar matuƙan da suka riƙa kai wasiƙu ta saman Sahara. Jirgin cikin littafi na girmama shi, wanda ya ratsa ajina da gaske kuwa na danne shi da kaye.

A damanar 2015 na samu zuwa Vichy, a tsakiyar ƙasar Faransa, domin ƙaro ilimi irin wanda ake shirya wa malaman Faransanci na ƙasashen waje a lokacin babban hutu. An sauke ni gidan wani dattijo da matarsa. Shi tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, mutum marar yawan magana, wanda kullum farcensa ke da ragowar gam. Ranar Asabar ta farko ya tambaye ni ko ina da abin yi, na ce babu, ya ce to in shiga mota. Muka fita bayan gari, muka bi ta tsakanin gonaki har wani ƙaramin filin jirgi mai ciyawa, inda aka yi wata doguwar rumfa ta kwano. Na zaci kallon jirage za mu yi. Da ya ture ƙofar, ƙanshin katako da aka fere ne ya fara tarbata, irin wanda na sani a shagon kafintocin bakin kasuwarmu.

Mutane kamar goma ne a ciki, yawancinsu masu furfura. Akwai tsohon malamin lissafi, akwai mai gyaran famfo, akwai wata mata ma'aikaciyar asibiti, da samari biyu ƴan lise waɗanda aka ba tsintsiya da takardar goge katako. A tsakiyar rumfar, bisa wani dogon tebur da aka daidaita shi har ba ya karkata ko da kaurin gashi, ga ƙashin fiffike guda a kwance, tsawonsa ya fi mita 8, ba a lulluɓe shi ba tukuna, ana ganin haƙarƙarinsa a jere kamar na raƙumin da ya daɗe da mutuwa a daji. Maigidana ya ce wannan jirginsa ne, shekararsa ta bakwai ke nan yana ƙera shi. Na tambaye shi yaushe zai gama. Ya ɗaga kafaɗa, sauran suka yi dariya, na gane tambaya ce da ba a yi a wurin.

Daga ranar duk Asabar can nake yini, kuma a hankali na fahimci cewa waɗannan mutane suna da asali da silsila, kamar yadda maƙeranmu suke da su. Kakansu a sana'ar shi ne Henri Mignet, wanda aka haifa a 1893. Shi ba injiniyan wani kamfani ba ne, mutum ne mai son tashi wanda tuƙin jiragen zamaninsa ya gagare shi, sai ya ce laifin na jiragen ne, ya zauna ya ƙera nasa. A watan Satumba na 1933 ya tashi da wani ɗan ƙaramin jirgi mai fukafukai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da injin irin na babur, ya raɗa masa suna Pou-du-Ciel, wato ƙwarƙwatar sama. A 1934 ya buga littafi mai suna Le Sport de l'Air, ya zayyana komai a ciki, awo da zane da irin katakon da za a saya, da nufin duk wanda ya iya haɗa akwati da ƙusa ya iya ƙera jirginsa. Mutane suka yi ca a kai, a Faransa da Ingila da wasu ƙasashe, ana ƙera ƙwarƙwata a ɗakin ajiya da bayan gida. A watan Agusta na 1935 shi da kansa ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a cikinta.

Sai kuma mutuwa ta shigo. Tsakanin 1935 da 1936 matuƙa da dama suka hallaka, na farkonsu a Aljeriya, kuma duk hanya ɗaya: jirgin ya sunkuyar da kai ƙasa, matuƙi ya ja sanda don ya ɗago shi, ya ƙi ɗagowa. Tsohon malamin lissafin nan ya zana mini dalilin a bayan wata takarda. Idan matuƙi ya ja sanda, gefen baya na fiffiken gaba yakan sauko kusa da fiffiken baya, ratar da ke tsakaninsu ta tsuke, iskar da ke bi ta ratar ta ƙara gudu a saman fiffiken baya, shi kuma ya ƙara ɗaga wutsiya sama. Ke nan duk ƙoƙarin da mutum ya yi na ceton kansa ƙara tura hancin jirgin ƙasa yake yi. Ba a gano wannan ba sai da aka sa jirgin cikin ramin gwajin iska a 1936, a Faransa da kuma Ingila. Hukuma ta hana tashi da shi, aka sake siffar fukafukan da tazararsu, kuma jikokin ƙwarƙwatar da aka gyara suna tashi har yau.

Na lura da yadda suke ba da wannan labari. Ba su ɓoye shi, ba su kuma rage shi don kare mutuncin kakansu. Shi ne ma farkon abin da ake gaya wa sabon shiga, tun kafin a miƙa masa zarto. Bayan yaƙin duniya na biyu masu wannan sha'awa suka haɗu cikin wata babbar ƙungiya, Réseau du Sport de l'Air, wadda ƙananan ƙungiyoyi irin ta maigidana suke ƙarƙashinta, kuma taronta na shekara ya sha sauka a filin jirgin Vichy. A Amurka ma akwai takwararta da Paul Poberezny ya kafa a 1953, wadda taronta na Oshkosh ke tara jirage wajen dubu 10 a mako guda. Amma ni ba manyan tarukan ne suka dame ni ba, abin da ake yi a rumfar nan ranar Asabar shi ne ya tsaya mini a rai.

Jirgin maigidana daga zuriyar Jodel yake, sunan da aka haɗa daga na mutum biyu, Édouard Joly da surukinsa Jean Délémontez, waɗanda ɗan jirginsu na farko mai kujera ɗaya ya tashi a 1948. Katako ne da ƙyalle. Ana yin ƙashin da itacen ƙasashen sanyi mai miƙaƙƙen zare, a lulluɓe wasu sassan da siririn falanki, sa'an nan a shimfiɗa ƙyalle a bi shi da dutsen guga har ya ɗaure kamar fatar kalangu. Da na tambayi asalin falankin, mai launin ja-ja, aka ce mini okume ne, itacen dajin Gabon. Na yi shiru ina shafa shi. Itacen nahiyarmu ne, ya bi teku ya zo nan, wani tsohon ma'aikacin reluwe zai hau shi ya shiga gajimare.

Ga abin da ya fi komai kama hankalina. Duk ranar da za a manna wani sashe na jirgin, sai a ɗebi gam ɗin da aka dama a ranar a manna wasu ƴan guntayen katako biyu daban, a rubuta kwanan wata a jiki, a ajiye. Bayan ya bushe sai a sa guntun a matsi a karya shi da gangan, kowa yana kallo. In katakon ne ya tsage, gam ya riƙe, aiki ya yi. In kuwa wurin mannin ne ya rabu fes, to duk abin da aka manna da wannan damin abin tuhuma ne, ko da ya ci wata guda ana yinsa. Na ga an yi wa matar nan ta asibiti haka. Guntunta ya rabu a manni, domin ranar da ta yi aikin rumfar ta yi sanyi fiye da yadda gam ɗin ke so. Ba wanda ya yi mata dariya, ba wanda kuma ya ce a bar shi haka nan Allah zai kiyaye. Ta ɗauki haƙarƙari shida da ta yi ta jefa cikin kwandon itacen hura wuta, ta buɗe wani babban kaye ta rubuta abin da ya faru da dalilinsa, ta sa hannu.

Kayen nan na karanta shi kamar yadda ake karanta tarihin gari. Kowane jirgi yana da nasa, kuma rabin abin da ke ciki kurakurai ne. Wane ya huda rami ya kauce da milimita 2. Wane ya sayi katako mai ƙulli a ciki bai gani ba sai da wani ya nuna masa. Kafin a rufe fiffike da ƙyalle dole mai duba na hukuma ya zo ya leƙa cikinsa, domin abin da aka rufe ba ya sake ganuwa. In an gama, a ɗora jirgin bisa sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, a yi lissafin inda nauyinsa ya taru. Bayan haka ma ba a ba shi cikakkiyar takardar izini sai ya yi sa'o'i na gwaji da sauka da tashi masu yawa a kusa da filinsa, ba fasinja. Lambar irin waɗannan jirage a Faransa takan fara da F-P, kowa ya gani ya san hannun mai shi ne ya yi shi.

A jirgin dawowa Yamai tunanin da nake yi ke nan. Mu ba hannu muka rasa ba. Wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakin tasha ya ga yadda ake farfaɗo da injin da masu shi suka yi wa sallar gawa, ko ya ga masu narkar da gwangwani suna zuba tukwane a cikin yashi, ba zai ce mun rasa gwaninta ba. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin jami'a a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa kamar mita 2. An yi ta ɗaukar hotonsa, an yi ta yabo, wasu sun yi ta ba'a. Abin da ban ji an yi ba shi ne a ce ga mutum goma da za su zauna tare da shi kowace Asabar su karya masa guntun katako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun san wannan tun muna yara, amma mai ƙirƙira a wurinmu kusan kullum shi kaɗai yake ɗaukar tasa, ko dai a mai da shi abin kallo na yini ɗaya, ko a ce ya taɓu.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da zan faɗa ko da za ta sosa wa wasu rai. Sana'a a wurinmu sirri ce. Maƙeri yakan koya wa ɗansa, ya ɓoye wa ɗan maƙwabci, kuma kuskuren da ya yi ya tafi da shi kabari, domin faɗinsa zubar da girma ne. Wannan tsari ya riƙe sana'o'inmu ƙarnuka, ban raina shi ba, kakana na wajen uwa dukanci ya yi kuma da shi ya ciyar da gida. Amma takalmin da aka yi wa mugun ɗinki tsinkewa yake yi a hanya, mai shi ya koma gida ba takalmi. Fiffike ba ya ba da wannan dama.

Da na koma aiki na nemi yaron, aka ce ya bar makaranta tun bara, yana koyon walda a wata unguwa ta yamma da gari. Na same shi tsugune yana haɗa ƙofar ƙarfe, ya sa baƙin tabarau na roba. Ya miƙe da sauri ya gaishe ni, ya ce, «Mushe, lafiya dai?» Na ce masa jirginsa na zo biya. Bai gane ba da farko, da ya gane sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce ai ya yi wasu sun fi ashirin bayan wancan.

Shi ne ya zama malaminmu na farko. Da izinin shugaban makaranta muka fara haɗuwa ranar Asabar da hantsi a wani aji da ba kowa, ni da malamin kimiyya da yara goma sha biyu. Ba jirgin hawa muke ƙerawa ba, ƙanana ne na ƙara da kwali da takarda, waɗanda ake jefawa da hannu su yi shawagi. Na kafa sharaɗi biyu kawai: duk jirgin da aka yi sai an auna shi an rubuta, duk wanda ya faɗi kuma sai an rubuta dalilin faɗuwarsa, da Hausa.

A nan ne aikin ya zama nawa, ni malamin harshe. Littattafan da muke da su duk da Faransanci suke, kuma yaro zai iya haddace kalmar portance ya ci jarrabawa da ita alhali bai taɓa jin ta a tafin hannunsa ba. Muka zauna neman suna. Ƙarfin da iska ke ɗaga fiffike da shi muka ce masa tallafi, wanda ke riƙe jirgi baya muka ce turjiya. Dogon katakon da ke ratsa fiffike daga wannan gefe zuwa wancan, wanda dukan nauyi ke kansa, wani yaro ɗan magini ya ce ai wannan azara ce, kuma ban taɓa jin fassarar da ta fi ta dacewa ba. Inda muka daɗe muna gardama shi ne wurin da nauyin jirgi ke taruwa. Ni na kawo cibiyar nauyi, ina jin na yi abin kirki. Mai waldan ya ɗauki jirgi ya ɗora shi a kan yatsunsa biyu ƙarƙashin fukafukai, kamar sulusin faɗinsu daga gaba, jirgin ya tsaya cak bai rinjaya ba, ya ce shi tun yana yaro mazauni yake ce wa wurin, in mazauni ya koma baya jirgi ya ɗaga hanci ya suɓuce, in ya yi gaba da yawa ya yi nutso. Yara suka ɗauki tasa suka bar tawa. A kayenmu mazauni aka rubuta.

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuma ya koma harshen aiki. Na ji abokan aiki suna tambaya a ɗakin malamai, wasu da murna wasu da fargaba, ko Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya. Ni dai abin da na gani a ajin Asabar shi ne kalma ba ta samuwa a teburin kwamiti kaɗai, takan fito ne daga bakin wanda abin ya faɗo masa a ƙafa sau ashirin. Kayenmu yanzu ya kai na huɗu, kuma in an tattara kalmomin da ke ciki za su haura ɗari, wasu masu kyau, wasu kuwa har yanzu ina jin nauyinsu a harshe.

Sai dai ba a nan maganar ta tsaya ba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Yaron nan yanzu magidanci ne, yana da shagonsa da yara uku masu koyo a ƙarƙashinsa, yana da mata da ɗiya. Bayan sallar layya da ta wuce ya aiko a kira ni. A bayan shagon, ƙarƙashin wata tampol, ya nuna mini ƙashin jirgi na bututun ƙarfe, mai kujera ɗaya, da injin babur da ya saya ya gyara. Waldar tsaf take, ban ga aibi a ido ba. Ya ce, «Mushe, kai ka ce mana Bature ya yi da injin babur.» Gaskiya ne, ni na faɗa. Ni na ba su labarin Mignet, kuma a daren nan na kasa barci ina tambayar kaina ko na ba su rabin labarin na biyu da ƙarfin da na ba su na farko.

Ban ce masa ya bari ba. Na taɓa gaya masa haka sau ɗaya a gaban mutum saba'in, na kuma ga abin da ya haifar. Ban kuma ce masa ya ci gaba ba, domin bututun da yake aiki da shi na ƙofa da taga ne, ba wanda ya san nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe, ba mu da ramin gwajin iska, ba mu da dattijo mai furfura da ya taɓa ƙera irinsa ya tashi ya sauko, kuma sararin sama yana da hukuma da dokokinta, ba a shigarsa don an ga dama. Abin da na roƙe shi shi ne ya yanko guntaye daga bututun nan, ya yi musu walda irin wadda ya yi wa jirgin, mu karya su a gaban yaran Asabar, mu rubuta. Ya kuma yi mini alkawarin injin ba zai hau jikin ƙashin ba sai mun ɗora wa azarar buhunan yashi mun ga iyakarta, kamar yadda na ga ana yi a hotunan da maigidana na Vichy ya nuna mini.

Makon jiya muka karya guntaye biyar. Uku sun lanƙwashe a jikin ƙarfen, waldar ta riƙe. Biyu sun ɓalle a kan waldar, da ƙara kamar an fasa goriba. Ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana juya shi a hannu yana duban bakin karayar, inda wutar ba ta shiga ciki sosai ba. Sa'an nan ya ce a miƙo masa kayen, ya tambaye ni yadda za a rubuta wannan da Hausa.